Hotunan da Kawu Ya Bari a Ulaisha

Daga Allah muka zo, gare Shi kowa zai koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya koma a birnin Riyad wata rana bayan la'asar, yana jingine da motar kamfanin da yake tuƙawa, tsumman goge gilashi a hannunsa. Washegari aka sallace shi aka kai shi. A maƙabartun can ba a rubuta suna. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Ko yau aka mayar da ni ba zan iya nuna inda yake kwance ba.

Mun shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan hayar da yake zaune a unguwar Ulaisha, wani tsohon gidan ƙasa mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da mutanenmu a ciki. Jama'a sun zo fiye da yadda na zata: direbobi, magina, masu sayar da turare a kasuwar Batha, da ɗalibai 'yan'uwana da muke karatun shari'a tare. Amma na lura da irin gaisuwar. Mutum zai zauna ya ce "Allah Ya jiƙansa" a gajarce, ya karɓi shayi, sai idonsa ya tafi ƙofar ɗakin Kawu ya maƙale a can.

"An ce idonsa bai rufu ba," na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi.

"Da ni aka wanke shi. Ya rufu," in ji wani magini mai ɗingishi da ke zaune a gefe. Babu wanda ya kula shi.

"To ai lafiyarsa lau da safe. Mutum ya faɗi haka kawai?"

"Da irin abubuwan da yake ajiyewa a ɗaki? Kai dai a yi shiru."

Akwai wani dattijo tela, ɗan garinsu Kawu, wanda ɗakinsa ke kallon na Kawu. Muna kiransa Baba Tela. Can ƙarshen tabarma ya zauna, ya ce shi ba zai buɗe Alƙur'ani a gidan ba sai an fitar da hotunan da ke ɗakin Kawu. Mijin 'yar Kawu, wanda ke aiki a wata masana'antar bulo, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, a ƙona su kowa ya huta. Sai aka juyo gare ni, wai ni ne ɗalibin ilimi. Na ce ɗakin a rufe yake, a bari a yi addu'ar uku tukuna. Ba fatawa na bayar ba, lokaci nake nema.

Maganar ta riga kayan Kawu isa gida. Alhazan da suka koma a shekarar suka faɗa wa mahaifiyata cewa wanta ya mutu da gumaka a ɗaki. Da na koma gida, ta daɗe tana kuka kafin ta iya tambayata. Saboda ita, da jikokinsa da suka taso suna jin rabin labari, nake rubuta abin da na sani.

Kawu mutum ne mai zargi. Ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Ranar da na sauka Riyad da gurbin karatu na nemo gidansa, a bakin ƙofa ya bar ni tsaye da jakata.

"Ka ce kai ɗan ƙanwata ne. Wace bishiya ce a tsakar gidanku?"

"Dabino, Kawu."

"Kowa ya san wannan. Wane kunne ne kakarka ba ta ji da shi?"

"Na hagu."

"Wannan ma ana iya faɗa wa mutum."

Takaici ya sa na yi dariya. Sai ya ƙura wa bakina ido, ya matsa gefe. "Shigo. Wushiryar uwarka ce."

Haka yake da kowa. Ba ya kurɓar shayi sai mai gida ya fara kurɓa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana cikin wani aljihu da Baba Tela ya ɗinka masa a cikin singileti, da ita yake kwana. Kowace safiya sai ya zagaya mota yana shurin tayoyi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. In kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya yi masa murmushi, sai ya dawo gida yana cewa, "Yau akwai magana." In aka yabe shi sai ya ce, "Me ya gani?" Duk da haka, kowace Juma'a bayan an sauko sai ya ɗora tukunyar kabsa, dafa-dukan shinkafar Larabawa, ya barbaɗa mata yajin gida, duk wanda ya shigo ya ci. Kana ci yana yi maka tambayoyi, amma ba zai bari ka tashi ba ka ƙoshi ba.

Shekarun da kuɗin mai ya buɗe ne. Riyad kamar an kwance ta: ka bi hanya yau, mako mai zuwa ka tarar an haƙe ta, an kafa ƙarafa a inda ka saba shan inuwa. Unguwar Suwaidi lokacin yawancinta fili ne da turaku. Kawu yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan a wani kamfanin Japanawa da ke ja wa sababbin unguwanni wayar lantarki. Gajeren mutum ne mai furfura, Kawu yana kiransa Muhandis kamar yadda Larabawa ke yi.

"Kullum da safe sai ya rusuna mini," Kawu ya ce da ni. "Ni direbansa. Akwai abin da yake nema."

Ya daɗe yana sa masa ido. Koren shayin da mutumin ke sha babu sukari, Kawu ya ce magani ne. Shirun da yake yi a mota, Kawu ya ce yana jin Hausa ne yana ɓoyewa, har ya riƙa gwada shi da zagi cikin fara'a ya ga ko fuskarsa za ta sauya. Ban san ranar da wannan zargin ya kwanta ba. Na dai zo wata Alhamis daga makaranta na tarar da hotuna a bangon ɗakin Kawu.

Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowanne bai fi allon karatu girma ba. Na farko wani mutum ne mai farar fuska fat, da jajayen layuka da suka tashi daga hancinsa suka nufi kunnuwa, baki a murguɗe, ido ɗaya yana kallonka ɗaya yana kallon hancinsa, yatsu a ware, takobi a kugu. Wani kuma layukansa shuɗaye ne. Akwai tsoho mai fitila, akwai wani da ya ciji bakin mayafinsa. A ƙarshe akwai mace siririya riƙe da laima, dusar ƙanƙara tana zuba a kanta.

"Kawu, su wane ne waɗannan?"

"Wa ya ce ka tambaya?"

"Babu kowa."

Ya leƙa tsakar gida, ya tura ƙofa. "'Yan wasa ne. Wasan ƙasarsu Muhandis, kabuki suke ce masa. Mai jan zane jarumi ne, mai shuɗi mugu. Wannan hararar da ka gani, idan wasa ya yi zafi ɗan wasan yakan tsaya cak haka, ya juya ido, jama'a su ɗau ihu. Daidai nan mai zanen ya kama shi."

Ya cire ɗaya ya miƙo mini. Takardar laushi gare ta kamar tsohon yadi. Ya ce ba inji ya buga ba. A kan katako ake sassaƙa hoton, kowane launi da katakonsa, a shafa launin, a ɗora takarda, a murza da hannu. Ya juya mini bayanta, na ga yadda launi ya ratso, da sawun murzawar a zagaye. Ya nuna mini wata alama a hannun rigar mutumin, ya ce tambarin gidansu ɗan wasan ne, kamar tsagar fuska a wurinmu, da shi masu saye ke gane gwaninsu.

"Wannan matar fa?"

"Ba mace ba ce. Namiji ne, wataƙila ma uban 'ya'ya. A wasan nan maza ne ke fitowa a matsayin mata."

Na yi a'uziyya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska. "Kar in ji wannan a bakin kowa."

Yadda hotunan suka zo hannunsa, ni ya ce mini kyauta Muhandis ya ba shi. Ya ce wa mijin 'yarsa musaya suka yi da hular saƙi. Ya kuma ce wa Baba Tela a kwandon shara ya tsince su ranar da aka tashi ofis. Da na tambaye shi dalilin wannan, ya ce, "In maganar ta dawo mini, zan san bakin da ta fito." Bai lura ba cewa idan mutanen suka haɗa abin da ya faɗa musu, ɓarawo za su ɗauke shi. Haka kuwa aka yi.

Maginin nan mai ɗingishi, ba da ɗingishi ya zo Riyad ba. Daga saman gini ya faɗo a Suwaidi, ƙafa ta karye a wuri biyu. Da aka sallamo shi daga asibiti abokan ɗakinsa duk suna fita aiki, babu mai jinya. Kawu, wanda bai yarda da kowa ba, ya ɗauko shi ya kwantar a katifarsa, shi ya koma tabarma. Mutumin ya daina magana, ya daina cin abinci, ya juya wa bango fuska. Yana ganin ya gama aiki har abada, ga iyali a gida.

Wata rana da hantsi na iso gidan, tun daga zaure na ji dariya irin wadda mutum ke yi har numfashi ya ɗauke. Na tura ƙofa. Kawuna ne tsaye a tsakiyar ɗaki, ya shafe fuska da garin fulawa, ya ja layuka da tumatirin gwangwani, ludayi a kugu a maimakon takobi. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ware yatsu, ya juya ido ɗaya ya kalli hanci, daidai da mutumin bango. Daga nan ya kwance, ya shiga wata waƙa ta yunwa, yana yi wa tukunyar shinkafa kirari yana roƙonta ta buɗe baki. Magini yana kwance hawaye na zuba, yana cewa, "Alhaji ka bari, haƙarƙarina!" Kwanon abinci a gabansa, ya ci rabi bai sani ba.

Da Kawu ya gan ni sai ya ajiye ludayi, ya ɗau buta ya wanke fuska. "Ba ka ga komai ba," ya ce.

Sai da yamma, muna zaune mu biyu, ya ba ni labari a gutsure. Kafin ya zo aikin hajji ya zauna, ɗan kama ne. Kasuwa-kasuwa yake bi yana ba mutane dariya, har mahaifinsu ya rantse ba zai sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Ya bari, ya bar garin, bai sake ba. Ya ce wata rana suna jiran motar siminti a wajen Dir'iyya shi da Muhandis, zafi ya ishe su, sai ya kwaikwayi tafiyar kafil ɗinsa. Muhandis ya yi dariya, shi ma ya sauko daga mota ya buga ƙafa ya juya ido. "Nan na gane abin da yake," in ji Kawu. "Ashe ba mugu ba ne. Shi ma ubansa ya hana shi."

Ba ni kaɗai na ga wasan ba. Baba Tela ya leƙa ta taga. Kafin Juma'a ta zagayo, gidan duka ya ɗauka cewa Kawu yana hawan bori, yana kiran aljanun da ke bango su warkar da magini. Da magini ya fara takawa da sanda, sai aka ce to ga shi nan.

A kan tukunyar kabsa Kawu da Baba Tela suka yi ta, a gaban kowa.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji Baba Tela. "A ƙasar nan, da furfurarka? Ka sauke abubuwan nan."

"Kai da ka ji tsoron Allah, leƙen taga ya halatta?"

"Na ga abin da na gani. Har da ɗan daudu a bango, an ce."

Kawu ya dube ni. Wallahi ban faɗa wa kowa ba, amma na san daga ranar ya sa ni cikin waɗanda yake zargi. Ya juya ga Baba Tela. "Kai ne za ka yi mini wa'azi? Kai?"

Baba Tela ya tsame hannu daga kwano ya tashi. Ba su sake gaisawa ba.

Ba a daɗe ba wasu mutawwa biyu, masu sa ido kan al'amuran addini a unguwa, suka shigo gidan suna tambayar ɗakin direba. Allah Ya taimaka Kawu ya riga ya sauke hotunan ya liƙa su a bayan ƙofa, inda idan an buɗe ta suke ɓuya. Suka dudduba, suka yi masa nasiha, suka tafi. Kawu ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin gado, yana jiran ranar da za a zo a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Ba a zo ba, amma jakar ba ta sake kwancewa ba. A ɗaure muka same ta. Ya tabbata a ransa Baba Tela ne ya kai ƙararsa, har ya farke aljihun singiletin ya sake ɗinkawa da hannunsa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, me zai hana ka mayar wa Muhandis kayansa ka huta? Ka san malamai ba sa son rataya hoto."

"Na sani. Ai na sauke su daga alƙibla. Ɗan nan, idan na rufe ƙofa ina da abokan sana'a. Su ba sa kai magana."

Ranar addu'ar uku, ana cikin raba dabino, sai ga Muhandis a zaure cikin baƙar kwat. Ya cire takalmi ya jera su, ya zo ya durƙusa a kan tabarma ya zauna a kan dugadugansa kamar mai zaman tahiya, ya sunkuyar da kai.

"Kayansa ya zo karɓa," wani ya ce.

"Ko kamfani ya turo shi ya ji abin da muke shiryawa."

Mijin 'yar Kawu ya matso kusa da ni. "Kai ke jin Turanci. Tambaye shi, sata aka yi masa ko bayarwa ya yi."

Na kai shi ɗakin, jama'a suka cika bakin ƙofa. Na juyo masa da bayan ƙofar. Ya bi hotunan da kallo ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya zo kan mai laima sai ya tsaya. Na ga girarsa ta ɗaga, ya kai hannu kamar zai taɓa, ya fasa. Ya daɗe a haka. Na yi masa tambayar da aka aiko ni da ita, na sassauta ta iya yadda zan iya.

"Nasa ne," ya ce.

"Duka?"

Ya sake kallon mai laima. "Duka nasa ne."

Na juya na faɗa wa jama'a da Hausa cewa kyauta ce. Wani daga baya ya ce, "Haka za ka ce mana, ai kawunka ne." Ni kaina har yau ina tuna yadda girar mutumin ta ɗaga. Ko mamakin ganin abin da ya daɗe yana nema ne, ko kewar abin da ya bayar da hannunsa, ban sani ba. Ya rusuna wa katifar Kawu, ya sa takalmansa ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Ba a ƙona su ba. Magini ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce duk mai son ƙona su ya fara da shi. Ya ba da labarin fulawa da tumatiri a gaban kowa, waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce ai dole ya kare wanda ya yi masa aiki. Mijin 'yar Kawu ya ce to in kwashe su in bar gidan da su, kar ya sake gani.

Ina cikin haɗa kayan Kawu da safe, gidan ya watse kowa ya tafi aiki, sai inuwa ta rufe ƙofa. Baba Tela ne. Bai shigo ba, a dokin ƙofa ya tsuguna.

"Malam, tambaya zan yi maka, ka faɗa mini gaskiya. Ya tafi yana ganin ni na kai shi wurin mutawwa?"

Na so in yi masa kara, amma gaskiya ya nema. "E, Baba."

"Ba ni ba ne."



"Ka san ɗan kama ba ya fita shi kaɗai," ya ce. "Akwai mai yi masa amshi. Duk kasuwar da ya ci, ina bayansa. Tare muka bar gari, tare muka yi alkawari ba za a ji a bakinmu ba. Ina da surukai a nan, Malam, ina jan mutane salla idan liman ba ya nan. Da na leƙa tagar nan na san ba bori ba ne. Waƙar ma na san amshinta. Sai da na toshe bakina."

Ya nemi in nuna masa hotunan. Ya ɗauki mai jan zane ya riƙe nesa da fuskarsa, irin riƙon masu raunin ido. Leɓensa yana motsi, ban ji abin da yake faɗa ba.

"Ka bar mini wannan."

Na dube shi. Mutumin da ya ƙi buɗe Alƙur'ani saboda takardar nan, yau yana roƙonta. Na yi tunanin ko wuta zai kai ta, ko wurin waɗanda ya ce bai kai ƙara ba. Na yi tunanin ko labarin amshin ma shirya shi ya yi. Babu mai gaskata shi ko ƙaryata shi sai wanda muka binne. Na ba shi. Ya naɗe ta a hankali ya zura cikin hannun rigarsa, ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya tsallaka tsakar gida ya shige ɗakinsa. Na tsaya ina saurare ko zan ji ƙarar ashana. Keken ɗinki na ji ya tashi.

Allah Ka gafarta wa Kawuna abin da muka sani da abin da Kai kaɗai Ka sani. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi maƙwabtan da zai sake jiki da su. Mu da muka yi zarginsa, da waɗanda ya tafi yana zargi, Ka yafe mana baki ɗaya. Amin.